Kacalla ta cinye gonar Babanmu a Guri: wai daga ina ciyawar nan ta zo?

Ɗan Marma ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya san kan abin ya amsa. Wanda zai ce min a yi haƙuri ya bari, haƙurin mun yi shi har mun gaji.

Ni mutumin ƙasar Guri ne a Jihar Jigawa, aikin koyarwa ne ya zaunar da ni a Kano. Babanmu yana da gona a fadama kusa da bakin Marma, wani reshe na kogin Haɗeja, gadon kakanmu. Ina yaro abin da na sani shi ne ruwa ya zo da damina ya malale fadama, a yi shinkafa, in ya fara janyewa a bi danshin a saka wake da kuɓewa. Zuwa tsakiyar rani gonar ta bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage, Fulani su shigo da shanu su ci kara su bar mana taki. A nan muke buga ƙwallo. Yau in ka tsaya inda muke kafa raga, ruwa ne har cinya ko a watan Afrilu, kacalla kuma ta fi ni tsawo sau biyu. Gonar da ake kwana uku ana yankan shinkafa a cikinta, abin da ya rage mana bai wuce wani ɗan zirin tudu ta gabas ba.

Babu abin da ba mu gwada ba. Shekara uku a jere muna cinna mata wuta da rani, sai ta dawo kore shar kamar mun zuba mata taki. Bara na tura kuɗi aka ɗauki samari shida da adduna, kwana huɗu suna sara, matsattsaku suka sha jininsu, ɗaya ya kwanta zazzaɓi. Da na je hutun ƙaramar sallah sai ka rantse ba a taɓa sa mata ƙarfe ba. Ƙanena ya sayo maganin feshi, ganyen ya ƙone, bayan wata biyu sababbin 'ya'ya suka ɓullo daga ƙasa.

A garinmu kowa da labarinsa. Wasu sun ce Turawan da suka yi aikin dam ne suka kawo irin, wasu sun ce tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu ne suka kawo shi a ƙafafunsu. Baba kuwa cewa yake yi tun yana saurayi ya san ta, a bakin wasu 'yan tafkuna, ana yanka ta a yi asabari da jinka, kuma ba ta taɓa damun kowa ba. To wane ne mai gaskiya? Kuma me ya sa wuta ba ta kashe ta?

Ɗan Masunta Nguru ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ciwonmu ɗaya. Mu nan Nguru inda iyayenmu ke jefa kalli su cika kwalekwale da ƙarfasa da bargi, yanzu sai ka sari hanya da adda kafin kwalekwalen ya wuce, in ka dawo bayan sati uku hanyar ta rufe. Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma duk dattijon da ka tambaya a nan zai ce maka daga Tiga abin ya faro.

Malama Mai Tsirrai ta rubuta:

Malam Ɗan Marma, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, shi ne mai gaskiya a cikinsu duka. Aikina nazarin yadda tsirrai ke zama da junansu da ruwa da ƙasa da dabbobi, kuma na sha shiga ruwan Marma har ƙugu saboda ciyawar nan, don haka bari in ɗan tsawaita.

Kacalla ba baƙuwa ba ce. A littattafanmu sunanta Typha domingensis, kuma ana samunta a fadamun ƙasashe masu zafi kusan ko'ina a duniya, har da Afirka ta Yamma, tun kafin a san za a gina wani dam. Tsofaffin Hausawa shalla suke ce mata. Ɗalibaina kan rikice a nan, domin sun haddace cewa ciyawa mai mamaya ita ce wadda aka kawo daga wata nahiya. Akwai irin waɗannan, kamar ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta toshe ruwan Legas a wajen 1984, ta kuma addabi tafkin Kainji. Amma ga darbejiya, daga Indiya ta zo, muna shan inuwarta a kowace ƙofar gida. Kacalla kuwa 'yar gida ce da ta samu dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga yadda bangon ya tsage. Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. A da, kogi ne na damina: ya cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya share yashi da tarkace da ƙarfinsa, sannan ya ƙafe da rani. Wannan bushewar da kuke buga ƙwallo a kanta ita ce ke riƙe da kacalla a bakin 'yan tafkunan da Baba ya sani, domin saiwarta ba ta jure watanni a busasshiyar ƙasa. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka kammala ta Challawa, aka kuma yi shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Daga nan abu biyu suka faru tare. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, sannan aka riƙa sakin ruwa da rani saboda masu noman rani da ruwan shan birnin Kano. Kogin da ke ƙafewa ya koma mai gudu a hankali duk shekara, marar zurfi, ɗauke da laka da ragowar takin zamani daga gonakin sama. In da za a tambayi kacalla irin gidan da take so, ba za ta faɗi abin da ya wuce wannan ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a bincikenta, in ma ya halatta mutum ya yi sha'awar abin da ya cuce ku, shi ne yadda take gyara wa kanta wuri. Inda ta tsaya ruwa yakan rage gudu, in ya rage gudu ya sauke lakar da ya ɗauko, lakar ta cike hanyar, wurin ya ƙara zama marar zurfi, ita kuma ta ƙara matsowa. A ƙasan garin Haɗeja kogin ya rarrabu: akwai tsohon kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Da laka da kacalla suka toshe wasu rassan, ruwan da ya kamata ya bi ta cikinsu ya nufi Gashuwa sai ya karkata Marma. Shi ya sa ku ruwa ya yi muku yawa ya ƙi tafiya, mutanen wasu garuruwan kuma suna kukan fadamarsu ta bushe.

Batun wuta kuwa, abin da kuke gani a sama rabin jikinta ne. A cikin laka tana da saiwa mai kauri da ke gudu a kwance kamar ta citta, cike da abincin da ta tara. Wuta ba ta isa can, tunda ruwa ya rufe. Abin da kuka ƙone shi ne busasshen ganyen da ke tare wa sababbin 'ya'ya rana, kuka kuma bar musu toka. Da ka ce kamar kun zuba mata taki, takin kuka zuba.

Saran ma a tambayi samarin nan a ina suka sare ta. Na tabbata a saman ruwa ne, domin ya fi sauƙi. In ka je gida ka tsinke ganye ɗaya ka duba cikinsa, za ka ga ƙananan ramuka jere kamar soso. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke cikin laka inda babu iska. Har busasshen kara da ya leƙo saman ruwa hanyar numfashi ne gare ta. In an sare ta a sama, an yi mata aski ne kawai. In an sare ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, ruwan kuma ya ci gaba da rufe kututturen, saiwar takan shaƙe. Sau ɗaya ba ya isa. Za ta turo sababbi da ragowar abincinta, sai a koma a sare su kafin su daɗe a saman ruwa, sau biyu ko uku a jere. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da take fitar da kan nan nata mai kama da zangarniyar gero, domin a lokacin ta kwashe ajiyarta ta zuba a fure. Kuma a kwashe abin da aka sara a fitar da shi tudu. Masu bincike a manyan tafkunan Arewacin Amurka, inda wata 'yar uwarta ta mamaye fadamu, sun gano cewa tarin mataccen ganyenta na daga manyan abubuwan da ke hana sauran tsirrai tsirowa.

Ba zan ɓoye maka ba, duk wannan kwantar da ciwo ne. Zangarniya ɗaya tana ɗauke da iri fiye da dubu ɗari, kowanne da 'yar audugarsa da iska ke ɗauka. Muddin ruwan na kwance a gonarku wata goma sha biyu, za ta dawo.

Baƙon Diffa ya rubuta:

Gaisuwa daga Nijar. Malama ta yi bayani mai kyau amma ni ina da ja kaɗan. Kullum maganar kashewa ake yi. Mu nan wajen Ngigimi da Boso akwai itacen ƙayar nan prosopis da aka kawo daga nahiyar Amurka don tsai da rairayi bayan farin shekarun 1970. Da tafkin Chadi ya janye sai ya bi gurbin ruwan ya zama daji, awaki da shanu na cin 'ya'yansa suna yaɗa irin a kashinsu, ƙayarsa na huda ƙafar mutum da ta jaki. An yi ta zaginsa. Amma yau je ka ga masu gawayi da masu itace da ke ci da iyalinsu daga gare shi. Na ji a Muritaniya, wajen Roso, gawayi suke yi da wannan kacallar taku. Me zai hana ku? Abin da ya fi ƙarfinka ka mai da shi sana'a.

Ɗan Marma ya rubuta:

Malama, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na kira ƙanena yanzun nan, ya ce wallahi a saman ruwa suka sara, wai wa zai sunkuya cikin ruwan da ke da macizai. Na karanta wa Baba bayaninki ta waya, ya yi dariya ya ce ashe sai da 'yar boko ta faɗa za mu yarda da shi.

Ɗan uwa na Diffa, na ji ka, amma Baba manomin shinkafa ne mai shekara saba'in da wani abu, ba zai koma koyon gawayi yanzu ba.

Wata tambayar, Malama. Ɗan zirin da ya rage mana ma ba mu tsira da shi ba saboda tsuntsun nan jan baki. Da shinkafa ta fara nuna, yara ba sa zuwa makaranta, tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa har magariba. Ni malamin makaranta ne, abin yana ci min rai. Tsuntsayen nan a cikin kacalla suke kwana, da ido na ga suna sauka kamar hayaƙi. Ita ce ta kawo su?

Malama Mai Tsirrai ta rubuta:

Ka gaishe min da Baba, ka ce masa rabin abin da na sani a kan fadamar nan daga bakin irinsu na ji shi, sauran rabin kuma na je na auna ne na tarar haka yake.

Jan baki ma ɗan gida ne, yana nan a duk faɗin Sahel tun fil azal, abincinsa 'ya'yan ciyawa. Kacalla ba ta kawo shi ba, masauki ta ba shi. Tsuntsu ne mai son kwana da yin sheƙa a taro, a wuri mai duhu kusa da ruwa inda mutum da dabba ba sa iya kai masa. Da can sai ya nemi ƙayoyi ko 'yan kyauro a bakin ruwa. Yanzu ga dajin kacalla da ba mai iya kutsawa, ga ruwan sha a ƙasa, ga shinkafa da alkamar noman rani a gefe a daidai lokacin da 'ya'yan ciyawar daji suka ƙare. Ka ga dam ɗin nan guda ya ba shi ɗaki ta hannun kacalla, ya ba shi tuwo ta hannun noman rani.

In an yi feshi da jirgin sama, ana rage su na ɗan lokaci, amma maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu. Fadamun nan masauki ne na agwagin ruwa da wasu tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai da hunturu, waɗanda mutanen garinku ke zargi ba da laifinsu ba. Saboda su ne aka keɓe fadamar Dagona da ke Jihar Yobe ta zama mafakar tsuntsaye, saboda su ne kuma aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Su ma kacalla ta cuce su, domin yawancinsu buɗaɗɗen ruwa da laka suke nema.

Akwai waɗanda ba a ganinsu yadda ake ganin jan baki, su ne suka fi damuna. Ruwa mai kwanciya a cikin ciyawa gidan sauro ne, kuma gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Yaran da ke korar tsuntsu da samarin da za ku sa sara a ƙarƙashin ruwa, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, maganin yana nan kuma ba shi da wuyar sha. Kada a ce alamar balaga ce kamar yadda ake faɗa a wasu ƙauyuka. A nema musu dogayen takalman roba, kuma a fi yin aikin da sassafe, don tsutsar ta fi fitowa cikin ruwa in rana ta take.

Malam na Diffa, ban ƙi taka ba. Abin da ya faru a kogin Sanagal kusan irin namu ne: an gama madatsar Diyama a 1986 don hana ruwan gishirin teku hawowa, ruwan ya zama mai daɗi kuma a tsaye duk shekara, kacalla ta rufe bakin kogin ta ɓangaren Sanagal da na Muritaniya. Gaskiya ne suna gawayi da ita, suna kuma gwada ta a ginin ɗaki don hana zafi. A nan gida ma, ƙarƙashin shirin inganta noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan aikinta na Amurka da Sifaniya sun yi aiki a kan mai da ita iskar gas ta girki da abincin dabbobi. Inda nake taka-tsantsan shi ne, mai sana'ar gawayi so yake ta sake tsirowa, don haka a sama zai sara, inda ya fi sauƙi. Mai gona kuma so yake ta mutu. In ba a zauna an raba wuraren ba, inda za a girba da inda za a kashe, sai ka ga an ƙara wa garin wata rigimar a kan ta manoma da makiyaya.

Jikan Ardo ya rubuta:

Tunda an ambace mu bari in sa baki. Ana ta lissafin asarar manomi da masunci, ba a cika tuna makiyayi ba. Fadamar nan ita ce makiyayarmu ta rani. Inda burgu yake fitowa, ciyawar da saniya ke ci ta yi nono, yanzu kacalla ce, kuma saniya ba ta cin ta sai tana 'yar ƙarama. Mashayar da muka sani ta toshe, sai mun zagaya, zagayen kuma ta bakin gonar wani yake bi, daga nan sai faɗa. Ga ciwon hanta da ke kama shanun da suka daɗe a ruwan nan, sai an yanka ka ga hantar duk tsutsa. Malama, shi ma katantanwar ce?

Malama Mai Tsirrai ta rubuta:

Ita ce, Jikan Ardo, amma wani jinsin daban da na tsargiya. Tsutsar takan fito daga jikinta ta manne a ciyawar bakin ruwa, saniya ta haɗiye. Ka sa likitan dabbobi ya tsara muku lokacin ba da maganin, kada a jira sai dabba ta rame.

Ɗan Marma ya rubuta:

Na gode muku duka. Jiya da dare mun daɗe a waya da ƙanena. Ya ce kwanakin baya an kawo injin yashe kogi ya buɗe wani sashe a sama da mu, ruwan gonar ya ɗan sauka na 'yan makonni, da injin ya tafi abin ya koma yadda yake. Ya kuma tuna min da abin da ban so a faɗa ba, cewa mu ma da hannunmu a ciki: kowa ya fasa gaɓar kogi ya ja ruwa zuwa gonarsa ba ya toshewa in ya gama, masunta kuma sun gitta dumba, shingen kama kifi, a hanyar ruwa tana tare laka. Ɗan uwa na Nguru kada ka ji haushi, ɗaya daga cikin fasassun wuraren nan kawuna ne ya haƙa shi.

Abin da muka tsayar shi ne ba za mu taɓa gonar duka ba, kuɗin ba za su kai ba. Za mu ware kamar taki ashirin a ashirin daga gefen tudun, a sare a ƙarƙashin ruwa yadda kika ce, a kwashe a fitar, a koma bayan sati uku, a bar wani gefen da saran sama don Baba ya gani da idonsa. Takalman roba shida zan saya a kasuwar Sabon Gari in ba direban motar Haɗeja ranar Asabar. Malama, in ruwan ya janye ya bar kututturen a waje kafin mu koma sara na biyu, mu ci gaba ko mu jira ya dawo?